Yanyawa a Tarihin Ɗan Adam: Daga Akurkin Kaji Zuwa Ɗakin Tsafi

A ranar 1 ga Maris, 2022, kamfanin Christie's ya yi gwanjon wani zane a Landan. Franz Marc, Bajamushe, shi ya zana shi a 1913, shekara uku kafin a kashe shi a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yanyawa biyu ne a cikin zanen, an kakkarya surarsu kamar mai kallonsu ta fasasshen gilashi. An sayar da shi a kan fam miliyan 42 da ɗoriya. Kwana huɗu bayan haka, a garin Nasu na ƙasar Japan, masu yawon buɗe ido suka tarar da wani dutse ya rabe gida biyu. Sessho-seki ake kiransa, ma'ana dutse mai kisa, kuma almara ta ce ruhin wata yanyawa mai wutsiya tara na ɗaure a cikinsa shekaru aru-aru. Jami'an yankin sun ce dutsen ya daɗe da tsagewa, ruwan sama da sanyi ne suka ƙarasa shi. Duk da haka labarin ya zagaya duniya, kuma kafin watan ya ƙare an yi bikin addu'a a wurin don kwantar da ruhin.

Dabbar da ta jawo wannan duka ba ta kai ɗan akuya nauyi ba. Ba ta cin mutum kamar zaki, ba ta da ƙarfin kura, ba ta yi wa kowa noma ko dako. Amma da wuya a sami naman dajin da ɗan Adam ya ɗora wa ma'anoni masu karo da juna kamarta: ɓarauniya, munafukin bafade, 'yar aiken abin bauta, aljanar da ke rusa gidan sarauta, a yau kuma abokiyar masu sabon tsafin Turai da Amurka. Wanda ya bi tarihin a hankali zai lura da abu biyu. Halin da kowace al'umma ta ba yanyawa yana bin abin da dabbar ke yi wa abincinta da dukiyarta. Sannan idan labarin ya nuna, yakan sauka daga kan dabba ya hau kan mutane, kuma a nan ake yin ɓarna.

Dila ko yanyawa?

Masu fassara tatsuniyoyin Turai zuwa Hausa sun saba sa dila a gurbin wannan dabba, kuma sun yi gaskiya ta fuskar hali, domin a tatsuniyarmu dila ne malamin daji, mai raba gardama da dabara, mai fita daga tarko da baki. A ilimin halittu kuwa dabbobi biyu ne daban. Dila ya fi kusa da kare da kyarkeci. Yanyawa ta fi shi ƙanƙanta, tana da doguwar wutsiya mai gashi da siririn baki, ƙwayar idonta a tsaye kamar ta kyanwa. A Sahel ana samun mai launin rairayi, a Sahara kuma akwai ƙarama mai manyan kunnuwa. Wadda ta cika labaran Turai da Asiya ita ce ja, kuma babu naman daji mai farauta da ya kai ta yaɗuwa a doron ƙasa.

Ɗabi'unta na zahiri su ne tushen komai. Tana fita tsakanin magariba da asuba. Tana zama a bakin gari, ba cikin ƙurmi ba, ba cikin gida ba, sau da yawa a kufai da tsofaffin kaburbura. Tana binne rarar abinci ta dawo daga baya. In ta shiga akurki takan kashe fiye da abin da za ta iya ci. Mutum yana ganin aikinta da safe, ita kuwa ba ya ganinta. Wannan zama na kusa da mutane ya daɗe ƙwarai. A Uyun al-Hammam, arewacin Jodan, masu tonon kayan tarihi sun sami ƙasusuwan yanyawa a kabarin mutum na kimanin shekara 16,500. A Göbekli Tepe na Turkiyya, inda aka kafa ginshiƙan dutse fiye da shekara 11,000 da suka wuce, tana cikin dabbobin da aka fi sassaƙawa.

Turai: ɓarawo ya shiga fada

Manomin Turai ya san yanyawa a matsayin mai ɗauke masa kaza da agwagwa, don haka a can aka fara da sata da yaudara. Tatsuniyoyin da ake dangantawa da Aesop na Girka, wanda ake cewa ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, sun kafa hoton: yanyawar da ta kasa kai wa ga inabi ta ce dama tsami gare shi, da wadda ta yi ta zuga hankaka har ya buɗe baki abincinsa ya faɗo. Daga baya littafin Physiologus, wanda aka rubuta da Girkanci a Iskandariya a farkon ƙarnonin Kiristanci, ya ba labarin ma'anar addini. Ya ce yanyawa takan yi kwance kamar gawa, tsuntsaye su sauko su ci, ta cafke su, kuma haka Shaiɗan ke yi da mutane.

A ƙarni na 12 labarin ya koma na siyasa. Wajejen 1150 aka rubuta wata doguwar waƙar Latin mai suna Ysengrimus a birnin Ghent, cikin Beljiyam ta yau. Daga shekarun 1170 marubutan Faransa suka fara jerin labaran Renart, namijin yanyawa da ke zaune a masarautar zaki, yana wasa da hankalin kyarkeci Isengrin. A ɗaya daga cikinsu ya sa kyarkecin ya zura wutsiya a ramin ƙanƙara da sunan kamun kifi, har ruwan ya daskare a kanta. Renart ba gwarzon kirki ba ne. Yana kisa, yana cin amana, yana keta mutuncin matan wasu. A sigar Holanci ta ƙarni na 13 an gurfanar da shi gaban sarki an yanke masa hukuncin rataya, sai ya ƙirƙiro labarin wata taska da aka binne, kwaɗayi ya kama sarki da sarauniya, aka sake shi aka ɗaure waɗanda suka kai ƙararsa. Masu sauraro sun gane da wa ake. Fadar da ake sayen shari'a a cikinta, mai baki ne ke cin riba.

Farin jinin labarin ya kai har ya canja harshe. Tsohuwar kalmar Faransanci ta yanyawa ita ce goupil, amma sunan Renart ya ture ta, yau renard kowa ke cewa. William Caxton ya buga fassarar Turanci a 1481, Goethe ya sake rera shi da Jamusanci a 1794. Masassaƙan coci ma sun shiga: a ƙarƙashin kujerun manyan majami'un Ingila akwai hoton yanyawa sanye da rigar limamin coci tana yi wa agwagi wa'azi, wani lokaci da agwagwa ɗaya ta leƙo daga cikin hularta. Machiavelli kuwa, a littafin da ya rubuta a 1513, ya shawarci mai mulki ya haɗa halin zaki da na yanyawa, domin ƙarfi kaɗai ba ya gane tarko.

Mai karatun Hausa ya san irin wannan fada ta wata hanya. Kalila da Dimna, waɗanda Ibn al-Muƙaffa ya kawo labarinsu cikin Larabci a ƙarni na 8 daga asalin Indiya, diloli ne biyu a fadar zaki, kuma Dimna ya hau ne da annamimanci. Dabbar ta bambanta, amma matsalar da ake nunawa ɗaya ce: me mai wayo marar ƙarfi zai yi a gaban mai ƙarfi marar wayo?

Ita dabbar ta zahiri ta biya kuɗin wannan suna. Wata dokar Ingila ta 1566 ta sa ladan sule ɗaya a kan kowane kan yanyawa. Daga ƙarni na 18 farautarta da dawakai da karnuka ta zama wasan masu ƙasa, har a ƙarni na 19 aka riƙa shigo da ita daga sauran Turai ana sayarwa a kasuwar Leadenhall ta Landan don kada abin farauta ya ƙare. Sai a 2004 majalisa ta haramta farautarta da karnuka a Ingila da Wales.

Sin: baƙuwar da ke zuwa da dare

A Gabashin Asiya labarin ya ɗauki wata hanya. Yanyawar Turai tana magana kamar mutum amma dabba ce. Ta ƙasar Sin tana rikiɗa ta zama mutum. Tsohon littafin Shanhaijing ya ambaci mai wutsiya tara a ƙasar Qingqiu, kuma a zamanin daular Han ana sassaƙa ta a bangon kaburbura kusa da allahiyar da suke kira Uwar Sarauniyar Yamma, a matsayin alamar alheri. Daga baya aka ce yanyawa tana ƙara ƙarfi da shekaru: in ta kai hamsin ta iya zama mace, in ta kai dubu ta shiga sahun halittun sama.

Fuska biyu suka fito daga nan. Ta farko ita ce Daji, ƙwarƙwarar sarkin ƙarshe na daular Shang. Littafin almara na Fengshen Yanyi, na ƙarni na 16, ya ce yanyawa ce ta shiga jikinta, ta juya kan sarki har ya riƙa azabtar da fadawansa masu gaskiya, daula ta faɗi. Amfanin irin wannan labari ga masu rubuta tarihin fada a fili yake, domin laifin sarki ya koma kan mace, laifin mace ya koma kan aljana. Fuska ta biyu ta fi taushi. A wani labarin zamanin Tang da Shen Jiji ya rubuta, wata yanyawa mai suna Ren ta riƙe amanar masoyinta talaka, ta ƙi mai kuɗi, har karnukan farauta suka kashe ta. Pu Songling, wanda ya rayu daga 1640 zuwa 1715, ya cika littafinsa Liaozhai da irinta. Shi kansa ya shafe shekaru yana faɗuwa jarrabawar shiga aikin gwamnati, kuma a labaransa yanyawa ce ke zuwa wa ɗalibi matalauci da dare, ta kawo masa kuɗi da magani da ƙauna, abubuwan da mutane suka hana shi.

Abin ya wuce adabi. A arewacin Sin talakawa sun yi ta kafa wa yanyawa ƙananan wuraren bauta a bayan gida da gefen gona, suna neman waraka da arziki ta bakin mutanen da ake cewa tana hawa, galibinsu mata. Masaniyar tarihi Xiaofei Kang, a littafinta na 2006, ta nuna cewa wannan bauta ta mutanen gefe ce, waɗanda ba su da murya a manyan wuraren ibada. Gwamnatoci sun sha rushe wuraren tun zamanin daular Song, amma a zamanin Qing jami'an gwamnati da kansu sukan ware wa yanyawa wuri a ofis, da imanin ita ke tsare hatimin aiki.

Japan: mai gadin shinkafa

A Japan yanyawa, wadda suke kira kitsune, ta sami matsayin da ba ta samu ko'ina ba. Ita ce 'yar aiken Inari, abin bautar shinkafa da yalwa. Wuraren bautar Inari sun kai kimanin 30,000, babbansu shi ne Fushimi a Kyoto, wanda al'ada ta ce an kafa a 711. A ƙofar kowanne akwai gumakan yanyawa biyu, ɗauke a baki da mabuɗin rumbu, ko damin shinkafa, ko dutse mai daraja. Abin da ake kai musu sadaka soyayyar awara ce. Bayanin da masana suka fi kawowa mai sauƙi ne. Manomin shinkafa ɓera ne abokin gabarsa, yanyawa kuwa ɓera take ci, kuma tana saukowa gonaki a lokacin da ake shirin shuka. Dabbar da ta talauta mai kaji ita ce ta tsare wa mai shinkafa rumbu.

Masu zane sun so ta. A 1857 Hiroshige ya buga hoton yanyawa da yawa sun taru a gindin wata bishiya a Oji, daren sabuwar shekara, kowace da harshen wuta a gabanta. Manoman yankin sukan ƙirga wutar su yi hasashen damina. A 1890 Yoshitoshi ya zana Kuzunoha, yanyawar da ta auri mutum ta haifa masa ɗa, tana barin gida bayan asirinta ya tonu: jikinta na mace, inuwar kanta a jikin labule ta dabba, ɗan yana riƙe da gefen rigarta. Almara ta ce ɗan shi ne Abe no Seimei, masanin taurari na fada wanda ya rasu a 1005. Mai wutsiya tara ta dutsen Nasu kuwa ita ce Tamamo-no-Mae, wadda aka ce ta shiga fadar Sarki Toba a ƙarni na 12 ta jefa shi cikin ciwo, 'yar'uwar Daji a hali da manufa.

Akwai kuma hawa. Mutum, yawanci mace, sai ya fara magana da wata murya, yana neman awara da jar shinkafa, a ce yanyawa ta shige shi, kamar yadda a nan ake cewa iska ta hau wance. Manyan ƙasa ma sun ɗauki abin da gaske. A ƙarshen ƙarni na 16 Toyotomi Hideyoshi, mai mulkin Japan, ya aika wasiƙa ga Inari yana ƙarar wata yanyawa da ta kama 'yar riƙonsa, yana gargaɗin cewa in ba a saketa ba zai sa a farauce yanyawar ƙasar kaf. Erwin Bälz, likita Bajamushe da ya koyar a Tokyo a ƙarshen ƙarni na 19, ya duba irin waɗannan marasa lafiya ya bayyana abin a matsayin ciwon ƙwaƙwalwa. A ƙauyuka kuwa magani shi ne duka da turara hayaƙin ganyen itace har yanyawar ta fita, kuma akwai waɗanda rai ya fita kafin ita.

Gidajen da aka ce suna da yanyawa

Mafi munin abin da labarin ya haifar ya faru a yammacin Japan, musamman yankin Izumo, jihar Shimane ta yau. A can an yi imani cewa wasu gidaje suna kiwon yanyawar ɓoye, saba'in da biyar a gida, masu sato musu dukiyar maƙwabta, masu shiga jikin wanda suka ƙi. Lafcadio Hearn ya rubuta labarin a 1894, Carmen Blacker ta sake bincikarsa a littafinta na 1975 ta tarar bai mutu ba. Ana cewa abin gado ne kuma ta wajen mace yake bi: amaryar da ta fito daga irin wannan gida da yanyawarta take tarewa, gidan miji da danginsa duk su harbu. Saboda haka bincike kafin aure ya zama binciken asali. Dangi sukan yanke zumunci da wanda ya auro daga can. Gonar irin wannan gida ma takan rasa mai saye.

Masanan Japan da suka bi tarihin gidajen bayan Yaƙin Duniya na Biyu, cikinsu har da Hayami Yasutaka wanda shi kansa ɗan irin wannan gida ne, sun gano wani abu. Yawancin zargin ya samo asali ne daga tsakiyar zamanin Edo, wajejen ƙarni na 18, lokacin da kuɗi suka shiga ƙauye. Baƙi ko ƙananan gidaje suka yi arziki ta kasuwanci da ba da bashi, tsofaffin masu gona suka ci bashi suka rasa gonakinsu. Ƙauyen da ya saba ganin arziki a matsayin tuwo ɗaya, wanda in wani ya ƙara loma to ta wani ya ɗauka, bai da bayanin wannan sabon abu. Yanyawa ta ba shi bayani, ta kuma ba shi hukunci: a ware su, a hana su aure. Jikoki sun ci gaba da biyan bashin hassadar da aka yi wa kakanninsu shekara ɗari biyu baya.

Bahaushe ba ya bukatar dogon sharhi a nan. Abin da ake cewa ana sha a nono, gidan da ake raɗa a kansa in an zo neman aure, mara lafiyar da ake matsa wa ta kama suna, duk mun san su a zancen maita. Japan ba ta aro daga gare mu ba, mu ma ba mu aro daga gare ta ba. Yanayi iri ɗaya ne ya haifi zargi iri ɗaya.

Sahel: mai amsa tambaya da sawu

Kusa da gida akwai misalin da ya sha bamban. Dogon na tsaunin Bandiagara a Mali suna duba da yanyawar Sahel. Da yamma mai duba yakan zana gidaje a kan rairayi a bayan gari, ya kafa tsinke da tsakuwa a madadin mutane da tambayoyinsu, ya watsa gyaɗa. Da dare yanyawa ta zo ta ci, da safe dattawa su taru su karanta sawunta. Wanda ya san bugun ƙasa zai ga dangantakar, sai dai a nan dabba ce ke rubuta amsa. Marcel Griaule da Germaine Dieterlen, a littafinsu na 1965, sun ce a tunanin Dogon yanyawa halitta ce ta farko da ta yi wa Mahalicci Amma tawaye, aka ƙwace mata magana, ta koma faɗin gaibu da ƙafa. A 1991 Walter van Beek, bayan shekaru yana bincike a can, ya ce bai tarar da mafi yawan wannan dogon tsari a bakin mutane ba, ko da yake duban da kansa yana nan ana yi. Wannan gardama darasi ce ga duk mai karanta abin da baƙo ya rubuta game da imanin wasu, kuma tana da amfani ga sashen da ke tafe.

Sabon tsafi da tsohuwar dabba

A Turai da Amurka yau akwai mutanen da ke kiran kansu da sunan da a da ake kashe mutum a kansa. Kalmar maita ba ta dace da su ba, domin ba kurwa suke da'awar kamawa ba. Sun fi kusa da bokanci da bautar yanayi. Tafiyar ta fito fili bayan Birtaniya ta soke tsohuwar dokar sihiri a 1951, Gerald Gardner ya buga littafinsa a 1954 yana cewa ya gaji wani tsohon addini da ya tsira a ɓoye. Addinin shi ake kira Wicca. Masanin tarihi Ronald Hutton ya nuna a 1999 cewa sabon gini ne, an haɗa shi daga adabi da ƙungiyoyin asiri da littattafan masana na ƙarni na 19 da na 20. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 kimanin mutum 74,000 sun ce su masu bin addinan gargajiyar Turai ne, wasu 13,000 kuma suka rubuta Wicca.

A cikin wannan da'ira yanyawa tana da kasuwa. Ana ajiye ƙoƙon kanta ko hotonta kusa da kyandir, ana kiranta cikin zuzzurfan tunani ko da kiɗan ganga, ana neman ta koya wa mutum ɓoye kai, saurin fahimta da iya zama da kowane hali. Masu yi sukan ce gado ne daga matan da aka ƙona a da. Takardun shari'a ba su goyi bayan haka ba. A shari'o'in Ingila, tun daga ta Chelmsford a 1566 har zuwa farautar Matthew Hopkins a shekarun 1640, dabbobin da ake cewa 'yan aiken masu sihiri ne su ne kyanwa, kare, kwaɗo da ɓera, wato abin da ake samu a ɗakin tsohuwa matalauciya. In an zo rikiɗa kuwa zomo aka fi ambata, kamar a ikirarin Isobel Gowdie a Scotland a 1662. Yanyawa ba ta cika bayyana ba.

Hanyar da ta shigo sabuwa ce. A 1980 Michael Harner, masanin al'adu Ba'amurke, ya buga littafin da ya koya wa mutanen birni neman dabbar da za ta zama ƙarfinsu, yana tsintar dabaru daga al'ummomi daban-daban. A 1988 aka fitar da katunan duba na Medicine Cards, a 1993 Ted Andrews ya buga Animal-Speak, kowace dabba da ma'anarta a jere kamar ƙamus. Sannan zanen barkwancin Japan, musamman Naruto da ya fara fita a 1999, ya kai mai wutsiya tara ɗakin kowane yaro, TikTok da Instagram suka ƙarasa aikin. Abin da ya fito gauraye ne: wayon Renart ba tare da muguntarsa ba, kwarjinin kitsune ba tare da hawa da duka ba, sunan asalin mutanen Amurka ba tare da izininsu ba. Tun a 1993 wani taron Lakota ya fitar da sanarwa mai zafi a kan masu sayar da al'adun ibadarsu. Akwai kuma dalilin zahiri. Tun shekarun 1930 yanyawa ta fara zama a unguwannin Landan, yau ita ce naman dajin da ɗan birni ke haɗuwa da shi a bakin kwandon shara. Wanda ba shi da kaji ba shi da abin da zai riƙe ta da shi.

Kowace al'umma da muka bi ta sake ƙera yanyawa daidai da bukatarta, don haka masu yi yau ba su fara wani abu baƙo ba. Bambancin yana wajen wanda ke zaɓa. Matashiya a Manchester ita ke cewa tana da yanyawa, in ta gaji ta sauke hoton daga bango. Yarinyar Izumo wasu ne suka ce tana da ita, kuma ba ta da hanyar saukewa. A ranar 8 ga Maris, 2022, kwana uku bayan tsagewar dutsen Nasu, shugabar gwamnatin Scotland Nicola Sturgeon ta nemi gafara a hukumance saboda kimanin mutum 4,000 da aka zarga ƙarƙashin dokar sihiri ta 1563, mafi yawansu mata. Watanni kafin nan Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri a kan cutarwar da ake yi wa mutane da zargin maita, domin har yanzu ana korar tsofaffi da yara daga gidajensu, ana kashe wasu, a ƙasashe da dama har da namu.

Masu binciken Izumo sun warware nasu zargin ne da suka bar tambayar ko yanyawar tana nan, suka buɗe takardun gonaki da na bashi suka duba wa ya sayar, wa ya saya, a wace shekara. Tambayoyin suna aiki a duk inda aka ce arzikin wane ba na Allah da Annabi ba ne, ko gidan su wance ba a aure: yaushe aka fara faɗa, wa ya fara, kuma me ke tsakaninsa da su kafin nan.